Baturiyar da Umma Ta Fitar Daga Takaba

Maigidana injiniya ne, mutum mai cikakken hankali daga Litinin zuwa Asabar. Ranar Lahadi kuwa sai ya yi sammako ya tafi wani fili a bayan garin Birmingham, inda Turawa ke buɗe bayan motocinsu su baje tarkacen da suka gaji da gani. Ya sha dawo mini da agogon bango marar hannu, da keken ɗinki da ba ya juyawa, har da wani ƙahon barewa da ban san laifin da na yi aka kawo mini shi ba. Duk abin da ya shigo da shi sai ya ce, "Madam, ba ki san darajar wannan ba." Gaskiyarsa ce, har yau ban sani ba.

Wata Lahadi da rani ya shigo gidanmu na Erdington da baya-baya, rungume da wani hoto da tsawonsa ya kai kuguna. Zanen hannu ne da fentin mai a kan yadi, cikin firam mai ruwan zinare da ya fara ɓarewa. Wata Baturiya ce zaune cikin duhu, baƙaƙen kaya har wuya, farin mayafi ya rufe gashinta tas. Ba ɗankunne, ba sarƙa. Hannuwanta a haɗe bisa cinya, riƙe da dogon carbi. Duk inda ka tsaya a ɗakin tana kallonka, irin kallon wanda ka yi wa alkawari ba ka cika ba.

"Aikin Italiya ne," in ji shi, yana haki. "Shekara ɗari huɗu, in bai fi ba. Dubi yadda fentin ya tsattsage."

Na ce bangon gidanmu na Kano ma ya tsattsage, ban ga wanda ya taso daga Italiya ya taya ba. Na kuma ce ba za a rataye mini wata mata a falon da muke sallah ba. Bai ja ba. Ya kai ta ƙaramin ɗakin baya na ƙasa, ya jingine ta fuskarta na kallon bango. A daren ya rubuta wa wani masanin tsofaffin zane a Manchester, wanda aikinsa ke nan, ya duba hoto ya faɗi shekarunsa da abin da zai yi a kasuwa. Masanin ya amsa cewa layi na da tsawo, sai bayan sanyi ya wuce. Ni kuwa na manta da ita gaba ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba iyayena suka iso daga Kano. Jikin Baba ya daɗe yana gaba yana baya, muka matsa a kawo shi asibiti a Edgbaston. Da yake ba ya iya hawa bene, ɗakin bayan nan muka gyara musu. Likitoci sun yi iyakar yinsu, amma kwanansa ya ƙare. A nan muka binne shi, cikin ruwan sama, a ƙasar da bai taɓa cewa yana so ba. Har yau ba na son wucewa ta unguwar asibitin.

Malamin da muka tambaya ya ce Umma ta yi takabarta a inda rasuwar ta same ta. Ita ma ta ce ba za ta hau jirgi da takaba a kanta ba. Haka aka yi ta zauna wata huɗu da kwana goma a ɗakin da tagarsa ke kallon kwandunan shara.

A gida mai takaba ba ta sanin kaɗaici. Ƙanne na nan, maƙwabta na nan, masu gaisuwa su shigo da hantsi su kai la'asar, a maimaita yadda rasuwar ta zo sau ashirin ba wanda ya gaji. A nan ma mutanenmu sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Makon farko gidan ya cika da likitoci da matansu da ɗalibai, takalma har bakin titi. Ana gama sadakar bakwai kowa ya koma bakin aikinsa. Sai ranar Asabar wata ta leƙo da kular abinci, tana gaisuwa tana leƙen taga kada a manna wa motarta takardar tara. Ni ina aiki a wani kantin magani a Sparkhill, in fita da duhu in dawo da duhu. Maigidana kuwa suruki ne na gaske. Safe da yamma zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, amma ƙafarsa ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakin ba.

Wata rana ciwon kai ya koro ni gida da azahar. Ina cire takalmi na ji muryar Umma daga ɗakin baya.

"Shi kuma ba ya cin tuwo sai da man shanu. Ko a asibiti sai da ya tambaya. Naki fa?"

Shiru.

"Haka suke," in ji Umma.

Na ɗauka waya take yi. Da na tura ƙofa sai na ga wayar can a kan gado tana caji. Umma na zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafa, ga hoton nan an juyo da shi an jingine da kujera, Baturiyar tana fuskantarta kamar baƙuwar da aka yi wa shimfiɗa.

"Umma, da wa kike magana?"

Ni ce 'yarta ta fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Ke, ashe kuna da mai takaba a gidan nan kuka kifa ta a bango?"

"Wace mai takaba?"

"Ba ki da ido? Dubi mayafin. Dubi kunnen, ba ko zare. Ido ba kwalli. Ga carbi. Dubi yadda ta zauna, wannan zaman na san shi."

Na ce, "Umma, hoto ne fa. Kin san mala'iku ba sa..."

"Na riga ki sanin mala'iku. In zan yi sallah ina rufe ta da zane."

"Kuma wannan ba carbinmu ba ne, na coci ne."

"Ai ba addininta na tambaya ba. Mijinta ya mutu."

Na tsaya da jaka a hannu. Ina da digiri biyu, amma ba a koya mini amsar wannan ba. Na ja ƙofar na hau sama na kwanta. Kunya ce in faɗa, amma daɗi na ji. Na samu mai taya ni zama da uwata, wadda ba ta cin abinci, ba ta neman a kai ta tasha.

Daga nan kullum in na dawo sai in tarar da sabon labari. Mijin Baturiyar falke ne, a hanya ya rasu, ba ta ga gawarsa ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa hannuwanta suka yi sumul. Dangin mijin sun kwashe kayan ɗakin, shi ya sa bayanta ba komai sai duhu. Ban san ta inda Umma ke samun waɗannan bayanai ba, amma ba ta taɓa yin tuntuɓe ba, abin da ta faɗa a watan farko shi ne a na uku. Wani lokaci in tsaya a bayan ƙofa in ji tana ba ta labarin shekarar da suka yi a gidan haya a Fagge, da ranar da Baba ya sayar da kekensa don a yi mini suna. Ni ban taɓa jin maganar keken nan ba sai ta bayan ƙofa.

Ran nan ta tambaye ni, "Ita tun yaushe take zaune haka?"

Na ce Injiniya ya ce shekara ɗari huɗu.

Umma ta yi salati ta dafe ƙirji. "Shekara ɗari huɗu ba wanda ya zo ya fitar da ita? Wane irin dangi ne wannan?"

Na yi dariya na wuce kicin. Da na san abin da ke ranta da na tsaya mun ƙarasa maganar.

Ranar fitar takaba ta faɗo Asabar, Allah ya taimake mu, mata suka samu zuwa. Aka yi waina da miyar taushe. Umma ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfa, aka sa mata lalle, ta zizara kwalli daga tandunta na fata da ta zo da shi tun daga Kano. Aka turara gidan da turaren wuta har na'urar hayaƙi ta yi ta ihu, sai da maigidana ya hau kujera ya zare mata batir. Na ga uwata ta yi dariya har haƙoranta sun bayyana, na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Bayan kwana uku maigidana ya tare ni a kicin, fuskarsa sai walƙiya take. "Madam, mutumin Manchester ya ba mu appointment ranar Alhamis. Ki taimaka ki naɗe mini painting ɗin a bargo, kin san ba na shiga ɗakin Umma."

Na shiga. Ƙamshi ne ya fara tare ni. Ga kasko a gaban hoton, hayaƙi na tashi yana lasar fuskar Baturiyar. Idanunta biyu sun sha kwalli raɗau, har da ɗan jan wutsiya a gefe. Yatsunta goma an dame su da lalle ya bushe. Wuyanta na ƙyalli da humra.

"Umma! Me kika yi?"

"Tare muka zauna, sai in fita in bar ta?" Ta karkata kai tana duban aikinta. "Sai dai lallen bai kama ba. Sau biyu ina sa mata. Jininta ne ba ya so."

Na zauna a bakin gado. Abin haushin shi ne matar ta yi kyau. Wannan kallon na tuhuma ya tafi, ta koma kamar wadda za ta gidan biki. Na yi wa Umma bayani a hankali: jibi za a kai hoton Manchester, masani zai duba, in ya tabbata tsoho ne kamar yadda Injiniya ke zato, gwanjonsa za a yi, wani mai kuɗi ya saya ya tafi da shi.

Umma ta ɗago ta dube ni. Fuskarta ta koma irin wadda na gani a barandar asibiti. Can ta ce, "Kayansa ne." Ta gyara garwashin kaskon da ba ya buƙatar gyara. "Zan raka ta."

A nan na gane cewa in hoton nan ya yi daraja, uwata za ta yi rashi na biyu cikin wata biyar, kuma da hannuna zan naɗe mata shi a bargo. Na naɗe ɗin. Ban gaya wa maigidana komai game da kwalli ba. Na ce a raina, ya gani da idonsa a gaban Bature, inda ba zai iya yin faɗa ba.

Ranar Alhamis muka ɗauki hanya. Fitar Umma ta farko ke nan tun ranar da aka dawo daga asibiti. Ta zauna a baya, hoton a gefenta, ta sa na ɗaura masa bel. Maigidana na tuƙi yana gina gidaje da baki. Za a gama da mortgage, wato bashin gidan nan, za a yi bene a Kano, za a biya wa Umma Umara duk shekara.

"Umma, a sa mu a addu'a," in ji shi, yana kallon titi don ba ya haɗa ido da ita ko ta madubi.

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Shi yana jan carbi a sitiyari yana roƙon hoton ya zama na gaske, ni ina gefensa ina roƙon Allah ya sa na bogi ne. Shekara goma sha ɗaya da aure, ban taɓa yin addu'ar da ta ci karo da tasa kai tsaye haka ba. Da muka tsaya shan mai ya ce mu shiga mu sha shayi, Umma ta ce ba za a bar baiwar Allah ita kaɗai a mota ba. A cikin motar muka sha, mu huɗu.

Ofishin masanin na saman wani tsohon gini na jan bulo, a wani lungu da ruwan Manchester ya jiƙe. Dattijo ne siriri, gilashi ɗaya a hanci ɗaya a goshi, da farar safar hannu. Ya gaishe mu da ladabi, ya ba Umma kujera mafi laushi. Ita ba ta jin Turanci, don haka na zauna kusa da ita a matsayin tafinta. Ya ɗora hoton a kan wani faffaɗan tebur ya warware bargon da kansa.

Ƙamshin humra da turaren wuta ya cika ofishin kamar an buɗe akwatin amarya. Maigidana ya matso da murmushinsa, ya leƙa, murmushin ya tsaya a inda yake. Ya dubi idanun Baturiyar. Ya dube ni. Ya fara juyawa wajen Umma, ya tuna ko wace ce, ya mayar da idonsa kan takalminsa. 

Masanin kuwa ya sunkuya yana shinshina firam ɗin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tambaya ko hoton ya taɓa zama a coci, don yana jin ƙamshin ƙaro irin wanda ake ƙonawa a wuraren ibada, har da wani abu mai daɗi da bai taɓa ji ba. Maigidana ya ce bai sani ba. Dattijon ya kashe fitila ya kunna wata mai shuɗin haske, ya bi hoton da ita. Ya ɗauko 'yar matsefata ya ɓantaro lallen da ke kan yatsa ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya ce wani irin ganye ne da aka niƙa, shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa cin karo da shi ba. Ya saka shi a 'yar leda ya rubuta wani abu a jiki.

"Me yake yi da lallen?" in ji Umma.

"Ajiyewa zai yi."

"Ki ce masa in yana so ina da sauran rabin gwangwani."

Ban faɗa masa ba. Ya ɗauko wata na'ura mai kama da abin busar da gashi, wadda ke faɗin irin ƙarfen da ke cikin fenti, ya saita ta a kan idon hagu. Ta yi ƙara. Ya sauko da gilashin goshi ya ɗora a kan na hanci, ya ce akwai dalma sosai a nan, kuma masu zanen dā da dalma suke haɗa fentinsu.

Ni na san daga inda dalmar ta fito. Shekara nawa ina faɗa da Umma a kan kwallin nan, ina ce mata a kantinmu har takarda muke rabawa a kan illarsa. Maigidana ma ya sani, ai da idonsa ya ga kwalli minti biyar da suka wuce. Amma jin kalmar masu zanen dā sai ga shi ya miƙe wuya, ya gyara tsayuwa, har yana tambaya ko Italiyawa ne suka fi amfani da ita. Na dube shi na ce a raina, Allah ya shirye ka, Injiniya.

Murnar ba ta yi nisa ba. Masanin ya naɗa auduga a tsinke ya ɗan taɓa gefen idon, audugar ta fito baƙa ƙirin. Ya dube ta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan bai yi mako guda ba," in ji shi. "Wa ya yi?"

Maigidana ya ci gaba da nazarin takalminsa. Umma ta taɓa ni, na fassara mata. Ba ta yi wata-wata ba ta buɗe jaka ta ciro tandun ta ajiye a kan teburin, kusa da na'urarsa. Ya juya shi a hannu, ya zaro tsinken, ya tambayi yadda ake yi. Umma ta karɓa, ta ja ƙasan idonta da yatsa, ta zizara sau ɗaya ba madubi. Dattijon ya koma kan hoton da gilashin ƙara girma, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce in gaya mata, layin nan ja ɗaya aka yi masa, ba rawar hannu, ba komawa, kuma a duk faɗin hoton nan ne kaɗai wurin da hannun da ya san abin da yake yi ya taɓa.

Na gaya mata. Ta ce, "Shekara hamsin ina sawa."

Maigidana ya yi gyaran murya. "Umma, hannu ya yi kyau," in ji shi da wata siririyar murya, kamar wanda aka taka wa ƙafa a sahun sallah.

Daga nan masanin ya kifa hoton ya duba bayansa, kuma bai ɗauki minti uku ba. Ya nuna mana saƙar yadin, ya ce ta inji ce. Ya nuna ƙusoshin, ya nuna wani hatimi da ya dushe. Ya ce a garin nan aka yi shi, shekara ɗari da 'yan kai. A lokacin masu masaƙu sun yi kuɗi farat ɗaya, sun gina manyan gidaje, sai suka ga ba su da kakannin da za su rataya a bango. Shi ne wasu masu zane suka buɗe shago suna yi musu kakanni, goma-goma, a gasa a tanda don fentin ya tsattsage. Ya ce firam ɗin ya fi hoton daraja, shi ma firam ɗin kada mu sa rai.

Maigidana ya yi tambaya ɗaya ta hanya uku. Ko akwai wani zanen a ƙarƙashi? Ko a kai London a sake dubawa? Ko dai kwallin ne ya rage masa kuɗi? Dattijon ya ce a'a, a'a, kuma a'a. Ni kuwa guɗa ce ta taso mini har maƙogwaro, na mayar da ita da tari.

Don ya rage mana zafi, masanin ya ce zai goge baƙin idon kyauta, minti biyu ne. Ya ɗauko sabuwar auduga ya tsoma a wani ruwa. Umma ba ta jira fassara ba. Ta miƙe ta sa hannunta tsakaninsa da fuskar matar.

"Kul! Mayar da ita za ka yi?"

Bai ji Hausa ba, amma ya ajiye audugar.

Ta koma ta zauna, ta ce da ni, "Tunda ya san garinsu, tambaye shi ko su wane ne danginta. A san inda suke."

Na tambaya. Ya yi ɗan murmushi ya ce ba kowa ba ce. Ba a taɓa haihuwarta ba. Mai zanen ya ɗauko hanci daga wani hoto, hannu daga wani, mayafi daga wani, ya haɗa. Ya ce shi kansa ya ga irinta sun fi biyar, wata da carbi, wata da fure.

Zan iya yi wa Umma ƙarya, kuma na iya, ai rabin abin da aka faɗa a ɗakin ban fassara ba. In ce danginta sun ƙare, a wuce wurin. Amma wata huɗu ina jin uwata na gaya wa yadi abin da ba ta taɓa gaya mini ba, kuma abin ya taru a raina fiye da yadda na sani. Na juya na faɗa mata tas, har da ɗan gishiri.

"Ya ce babu ita, Umma. Ba a taɓa yin ta ba. Ba miji, ba rasuwa, ba takaba. Ƙirƙirarta aka yi don a sayar."

Umma ta dubi hoton da ke kife a tebur. Ta ɗauki tandunta ta mayar da tsinken, ta ɗaure bakin a hankali.

"Babu ita," ta maimaita. "To. Babu itan ce ta zauna da ni. Wata huɗu da kwana goma, ko sau ɗaya ban ga ta duba agogo ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ko kallona ba ta yi ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Masanin ya tambaya me ta ce, na ce tana godiya.

Muka naɗe matar muka sauko. Muka kama hanya har muka ci rabinta. Ruwa na dukan gilashi, ni ina kallon gonaki. Maigidana, duk da haukarsa ta Lahadi, mutumin kirki ne. Ya rage gudu ya ce, "Umma, in za ki koma Kano ki tafi da ita. Na ba ki, halak malak."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Umma. "Amma ba zan tafi da ita ba. Ni can ina da masu zama da ni. Ku bar ta a ɗakin nan, kada a sake kifa ta." Ta nuna ƙeyata da haɓa, na gani ta madubin gefe. "Wata rana wannan za ta yi nata zaman takabar a garin nan, kuma na duba ban ga wanda zai zauna da ita ba."

"Allah ya kai mu," in ji maigidana, don bakinsa ya saba amsa wa surukarsa kafin kunnensa ya gama ji. Sai da muka wuce motoci uku ya gane ranar da ya yi wa fatan zuwa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu har Erdington.

Bayan mako uku Umma ta koma Kano. Washegari da hantsi ƙanwata ta bugo ta ce jirgi ya sauka, ina jiyo hayaniyar mata a bayanta, wata na guɗa, wata na kuka. Ranar ba ni da aiki, maigidana ya fita tun safe. Na kira shi bai ɗauka ba, yana taro. Na zagaya gidan da waya a hannu, sannan na shiga ɗakin baya don in cire zanin gado in wanke. Matar na nan jingine da kujera inda Umma ta bar ta, da kwallinta. Na cire zanin na ninke, na zauna a bakin katifa da shi a cinya.

"Ta sauka lafiya," na ce mata.

Ban tashi daga wurin ba sai da lokacin azahar ya yi.